Igiyar Kwalekwalen Gonar Gwaiba

Mijina Abdul-Nasir tela ne a unguwar Kaladan ta Tamale, kuma tela in ya ga igiya sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Shi ya matsa mu bar Tamale mu kafa tanti a bakin kogi, wai ƙarar babura ta ishe shi. Na bi ne don 'yarmu Hairat, mai shekara huɗu, ba don shi ba.

Mai yeloyelo, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya sauke mu a wata gonar gwaiba ya juya. Ba kowa. Gwaiba ta nuna tana zuba ba mai tsinta, bukkar mai gadi ko tabarma babu. A wani kwari a ƙasan gonar, ga kwalekwale ɗaure a gindin bishiya da doguwar igiya. Na gaya masa wurin nan bai kwanta mini ba.

"Maman Hairat, kin cika tsoro," ya ce. "Wa ke ɗaure jirgi a busasshiyar ƙasa?"

Ya kwance igiyar, ya saɓa yarinyar, suka taka ruwa iya idon sawu zuwa wani tudun yashi a tsakiyar kogi. Can ya ja tantinsa da ita.

Ina tsintar gwaiba ina mita, sai ga wata dattijuwa da ƙwaryar nono tana sauri. Ta dubi kwalekwalen, ta dube ni.

"Wa ya kwance shi?"

"Maigidana ne, Mma."

"An buɗe dam a Burkina, ruwa na tafe, kowa ya tashi. Masu gona na ɗaure shi ne don wanda ruwa ya tare."

"Ai ko hadari babu."

"Wannan ruwa ba ya tambayar sama, 'yata."

Na zubar da gwaibar na ruga bakin kogi. Inda suka taka ya zama jan ruwa mai jan karare. Na ƙwala masa kira, ya ɗago mini hannu yana dariya, ya ɗauka kiran abinci ne. Ni da shi ba mai iya iyo, ruwan da muka sani na bokiti ne.

Na juya in jawo kwalekwalen. Ruwa ya riga ni shiga kwarin. Ina kallo ya ɗaga shi, ya juya shi a hankali, ya fice da shi ta tsakanin bishiyoyi.

Da na waiwaya, Abdul-Nasir ya daina dariya. Hairat na wuyansa, ruwa ya taɓa bakin tanti, igiyar tana hannunsa.