Jitar Chizuru a Ƙarƙashin Gada

Shekara tara Chizuru tana kaɗa wa Karnukan Kwata jitar bas, amma ko a hoto ɗaya na ƙungiyar babu fuskarta. Haka tsarin makaɗa yake a unguwar Koenji: in ɗan taya aiki ne kai, ka hau dandali ka zubar da gumi, ranar hoto kuma ka riƙe wa mutane jaka. Abin haushin ma, duk waƙar da ta buɗe da kiɗanta, sunan Genta, wanda ta gaji gurbinsa, 'yan kallo ke kira. Genta da ya ajiye kiɗan pank tun tuni ya koma soya awara a shagon ubansa! Ba ta taɓa ganinsa ba, amma Allah ya sani ta tsane shi.

Ran Laraba bayan gwaji, Masatsugu, mawaƙinsu kuma shugaba, ya tsayar da ita a bakin ƙofa.

"Auta, Lahadi da azahar za mu yi hoton cika shekara talatin, a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Ki zo da jitarki."

"Da jitata, Oga?"

"Kin kurumce ne? Har da maratayinta."

Baiwar Allah ta rina gashi ja wur, ta bi ƙusoshin rigar fatarta ɗaya bayan ɗaya tana gogewa. Har uwarta ta buga wa waya a garinsu Niigata, ta ce wannan karon za a gan ta.

Tana isa ta tarar an kewaye wani mai tumbi da sanƙo, ana ta rungumarsa. Kunio mai ganga, wanda a shekara tara bai taɓa ɗaukar mata ko igiyar lantarki ba, har da ƙwallarsa. Ba sai an faɗa mata ko wane ne ba. Ƙamshin man suya ya isa.

"Yauwa, ga ta nan," in ji Masatsugu. "Auta, ara wa yayanki jitar. Shashashan ya sayar da tasa."

Genta ya rusuna. "Ki yi haƙuri, ƙanwata. An ce kin fi ni iyawa nesa ba kusa ba."

Da ma zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ta miƙa masa. Ya rataya ta can sama kusa da haɓa, kamar mai rungume da buhun waken suya. Ta so ta bar shi ya sha kunya in an liƙa hoton a bangon kowane gidan kiɗa, amma jitarta ce. Ta matsa, ta sassauta maratayin har jitar ta sauko gwiwa, ta gyara masa yatsu a kan tsirkiya, sannan ta koma gefe ta kwashi jakunkuna.

Su uku suka jeru, suka murtuke fuska. Jirgi ya wuce ta sama. Mai hoto ya leƙa, ya ɗago kai.

"'Yar'uwa, inuwarki ta shigo ciki. Ɗan ja baya."