Hatimin da Shekarunsa Suka Ƙare

Duk sanda Shugaba ya dawo daga taron bita, abu uku yake riƙowa: jaka mai tambari, takardar shaida, da sabuwar doka. Jakar ta 'ya'yansa ce, takardar ta bango ce, dokar kuwa a kan ma'aikatan ɗakin karatu take sauka. Bara dokar murmushi ya kawo. Sati biyu Maigadi yana yaƙe wa masu shigowa haƙora, har wata mata ta tambaye shi ko dasashinsa ke ciwo.

Ran Litinin ya tara su ukun a gaban teburin aro: Maigadi, Mai Shara, da matar da kowa ke kira Mai Hatimi. Shekararta ashirin da biyu tana ba da aron littattafai a teburin nan, ba ta taɓa ganin ko ƙofar taron bita ba. Labarinsa dai take ji, da ƙamshin sabulun otal a jikin Shugaba.

"Ƙwararren da ya koyar da mu a taron ya ce kantar littattafai gona ce," in ji Shugaba. "In ba a cire ciyawa ba, shuka ba ta numfashi. Za ku buɗe bangon bayan kowane littafi, ku duba takardar aro. Wanda hatiminsa na ƙarshe ya wuce shekara biyar, a jefa shi kwali. Ran Alhamis Sufeto zai zo daga hedikwata da mota, da mai ɗaukar hoton mujallar ma'aikata."

"Ina za a kai su?" in ji Maigadi.

"Inda ake niƙa takarda."

Mai Hatimi ta jawo aljihun tebur, ta fito da hatimin kwanan wata, ta ajiye a gabansa. Zobe uku na roba ne da shi: na rana, na wata, na shekara. Shekara goma sha biyu masu ƙera shi suka zuba a zoben, ta ƙarshe kuma ta wuce shekara shida ke nan. Wasiƙa bakwai ta rubuta tana neman sabo. Shugaba da hannunsa ya sa wa kowacce hannu, ya ce ana dubawa. Rubuta kwanan wata da biro a jikin littafi kuwa, shi ya hana, bayan wani taron bitar. Tun daga nan a littafin rubutu irin na 'yan makaranta take shigar da sunan mai aro da abin da ya ɗauka.

"Yallaɓai, hatimin ne ya mutu, ba littattafan ba. Babu littafi ɗaya a ɗakin nan da aka buga wa hatimi cikin shekara shida."

"Malama, ƙwararre bai ce a duba littafin rubutunki ba. Takardar baya ya ce."

"To ai duk ɗakin za a kwashe."

"In duk gonar ciyawa ce, sai a nome ta duka." Ya shafa haɓa, maganar ta yi masa daɗi. Ta san zai sake faɗinta a gaban Sufeto.

Mai Shara ta raɗa mata, "Yaya, ni dai Allah ya saka wa ƙwararren nan. Ƙura ta ƙare."

Talata suka wuni suna cika kwalaye. Abin da ya tsira shi ne rahotannin shekara-shekara na ma'aikatu, masu kauri kamar bulo. Su ba a ba da aronsu, don haka ba su da takardar baya, doka ba ta san da zamansu ba. Wasunsu har yau suna cikin ledar da aka kawo su.

Wanda ya fara shiga kwali littafin cututtukan yara ne, wanda Mai Hatimi ta ɗinke bangonsa sau uku saboda yawan hannu. Sai na yankan kaya, da telan bakin titi ya kusa haddacewa. Sai na gyaran inji, mai zanen yatsu baƙaƙe a kowane shafi. Mai Hatimi ba mai kuka ba ce. Ta dai ga cewa ran Juma'a za ta zauna a teburin aro ba abin ba da aro, kamar mai tsaron rijiyar da ta ƙafe.

Da yamma ta leƙa ofishin Shugaba. Yana gwada yadda zai tsaya a hoto.

"Yallaɓai, littafin da yake hannun mai aro fa?"

"Abin da ba ya kan kanta, ba ruwan doka da shi."

"Mutum ɗaya nawa zai iya ara? Na manta."

"Haba Malama! Ni na soke iyaka da kaina, shekara uku ke nan. Ba ki tuna taron Buɗe Ƙofar Ilimi ba?"

"Ban je ba, Yallaɓai."

"Shi ya sa."

A hanyar gida ta tsaya wajen tela. Magana ɗaya ta gaya masa: ran Alhamis za a kwashe littattafan, amma gobe akwai aro ba iyaka. Ta ce kada ya gaya wa kowa. Ta san shi. Kafin ta kai ƙofar gidanta, unguwa uku sun ji.

Laraba Shugaba ya tafi buga ƙyallen maraba da Sufeto. Ƙarfe tara mutane suka fara zuwa, wani da buhu, wata da akwatin tafiya, bakanike da baro. Mai Hatimi ta buɗe kwalayen, ta zauna da biro. Ba ta bar kowa ya zaɓa ba. Duk wanda ya zo don guda ɗaya, da talatin yake fita.

Tela ya ɗaga wani mai kauri. "Yaya, me zan yi da lissafin manyan makarantu? Ni da ko awon wando sai na sake."

"Ɗora ƙafar kekenka a kai. Kada dai ruwa ya taɓa shi."

"Yaushe zan dawo da su?"

Ta nuna masa mataccen hatimin. "In na buga maka wannan, ka riga ka makara da shekara shida. Riƙe har in aiko."

Wata tsohuwar ungozoma ta rungume littafin cututtukan yara, ta ce, "'Yata, wannan kam ko kin aiko sai na yi tunani."

"Iya, sunanki na nan a rubuce, gidanki ma na sani."

Mai Shara ta ari sittin, ita da ta yi wa ƙwararre addu'a. Maigadi ya ari arba'in, ya jera a ƙarƙashin bencinsa ya rufa da tabarma. Biro biyu suka ƙare. Da aka tashi aiki, littafi dubu biyu da ɗari uku sun fita ta ƙofar gaba, kowanne bisa doka. Kwali huɗu suka rage: tsofaffin littattafan lambar waya, da waɗanda gara ta riga ƙwararre yanke wa hukunci.

Alhamis Shugaba ya iso da ƙyallensa, ya ga kwali huɗu. Ya buɗe baki, sai ga ƙarar motar Sufeto. Ya rufe.

Sufeto ya zaga tsakanin kantoci, hannu a baya. Mai Shara ta baje rahotannin ma'aikatu, ɗaya a kowace kanta, fuska na kallon waje.

"Madalla," in ji Sufeto. "Iska na shiga. Haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba." Ya juyo. "Sauran fa? An ce mini mota za ta cika."

Mai Hatimi ta miƙa masa littafin rubutunta. Ya juya shafi, ya sake juyawa, ya cire tabarau ya goge.

"Dubu biyu da ɗari uku? A rana ɗaya? Hedikwata ma ba ta yin haka a shekara!"

Shugaba ya kalle ta, ya kalli Sufeto. Ba a banza ya halarci taron bita talatin ba.

"Ranka ya daɗe, abin da nake gaya musu ke nan. Da ka taɓa ciyawa, sai gona ta motsa."

Mujallar ta fito da labarin a shafin farko. Shugaba a tsakiyar hoto, Sufeto a damansa. A gefen hagu, in mutum ya ƙura ido, akwai gwiwar hannun Mai Hatimi. Aka gayyaci Shugaba taro na gaba, wannan karon shi ne ƙwararren. Ma'aikatan ɗakunan karatu tamanin suka rubuta abin da ya faɗa, suka koma gida neman kwalaye.

Ya dawo da jaka, da takardar shaida, da doka a kan yadda ake gaishe da baƙo. Bayan sati ya jefo wani abu a kan teburin Mai Hatimi.

"A jakar taro aka sako shi. Yara sun ɓata mini bango da shi. Ko zai yi miki amfani?"

Hatimin kwanan wata ne, sabo fil.

Ta aika wa tela. Littattafai suka fara dawowa, a buhu, a baro, wasu da warin hayaƙin girki. Duk wanda ya hau tebur ta buga masa hatimi kafin ya koma kanta, ya sami shekara biyar ta zaman lafiya. Dubu ɗaya da ɗari bakwai suka dawo. Sauran sun zama matashin kai da murfin tulu. Ungozoma ta ce har yanzu tana tunani. Na lissafi yana ƙarƙashin keken tela, ya ce tunda ya sa shi keken bai ƙara rawa ba.

Da ta gama, ta murza zoben shekara har ƙarshe, ta ƙirga. Goma sha biyu. Ita saura shekara uku ta ajiye aiki. Ta jawo takarda, ta rubuta wasiƙar neman hatimin da zai gaji wannan, ta kai wa Shugaba. Ya sa hannu bai karanta ba.

"Ana dubawa," ya ce.