Goyon Rukayat

Tun ranar da aka dawo da jariri daga asibiti, Rukayat ta yanke shawara cewa nata ne. Shekarunta uku da 'yan watanni, amma ba ta ga dalilin da zai sa uwarta Zuliha ta riƙa goya yaro ita tana gefe da baya ba kowa ba. Da Zuliha ta juya, sai yarinyar ta ja ɗankwali ta nufi katifar jariri.

Ranar da abin ya kai maƙura, Zuliha na wanka. Ta fito ta tarar da Rukayat a tsakar gida, ta sunkuya, ta jawo jaririn, Abdulwasiu, ta ƙafa ɗaya zuwa gadon bayanta, kansa na reto, saura kaɗan ya taɓa siminti. Allah ya kiyaye. Amma Nna, surukar Zuliha da ta zo jego daga Bida, ta gani da idonta, kuma ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce in an yi arba'in za ta koma gida da yarinyar, ta zauna a wurinta har yaro ya yi ƙwari. Kowa a gidan ya san irin wannan tafiya. Akwai waɗanda aka kai Bida don 'yan watanni, sai da aurensu ya tashi aka sake ganinsu a Minna.

Ndagi, ƙanen Zuliha, yana bakin ƙofa yana cin tuwo lokacin da aka faɗa. Ya ajiye kwanon da saura a ciki. A duk gidan nan na Tudun Wada, Rukayat ce kaɗai ke jiran dawowarsa. Ita ke cire masa takalmi ta sa ƙafafunta biyu a cikin ɗaya, ita ke ba shi labarin kaji ko bai tambaya ba.

Sana'arsa gyaran kujerun Keke Napep ce, a wata rumfa a Tunga, shi da abokinsa Silas. Guntayen soso da leda da yadi sun cika bayan rumfar. Washegari ya nemo hoton tedi, abin wasan yaran nan mai siffar dabba, a waya, ya kafa wayar a kan keken ɗinki, ya ɗauki almakashi. Silas ya leƙo ya tambaya ko yanzu karnuka ma sun fara kawo gyaran kujera. Ndagi ya ce ba kare ba ne. Silas ya ce to Allah ya raya.

Abin ya yi kyau, ba ƙarya. Ruwan ƙasa, kunnuwa zagaye, ɗinki ba inda ya karkace. Sai dai hannun Ndagi abu ɗaya ya sani: ya cusa soso ya danne har sai yatsa ya ƙi shiga, yadda ko mai buhun doya ya zauna ba zai lotsa ba. Kuma duk abin da ya taɓa ɗinkawa na zama ne. Tedin ya fito a zaune, ƙafafu miƙe a gaba.

Rukayat ta karɓa da murna, ta ɗora a baya, ta ja ɗankwali. Ƙafafun suka tokare ta. Ta ɗaure, ya sulle ta ƙasa. Ta sake, ya yi tsalle ta sama ya faɗa kusa da murhu. Ta dube shi, ta dubi Ndagi.

"Kawu, wannan ba ya son mutane."

Kafin la'asar an same ta tana jan zanen jariri. Nna ta fara tambayar inda aka ajiye kayan yarinyar.

Ndagi ya daina zuwa majalisa da yamma. Yakan zauna a kan turmi yana kallon yayarsa, har ta tsargu ta tambaye shi ko ya ga wani abu a jikinta. Goyon yake kallo. Ya ga yadda jariri ke baje ƙafafu ya rungume ƙugu kamar kwaɗo, yadda cikinsa ke lafewa a baya, yadda kai ke faɗawa gefe sai an ja majanyi sama an tare shi. Ya ga kuma yadda Zuliha ke ɗan sunkuyawa tana girgiza shi ya daidaita. Wannan sunkuyon Rukayat ke so. Soso ba ya sa kowa ya sunkuya.

"Yaya, miƙo min shi."

Zuliha ta yi mamaki, don tun suna bai taɓa ɗaukar yaron ba. Ya riƙe shi a hannun dama, a hagu kuma tsohuwar safa cike da yashin da ya ɗebo a wurin masu gini, ya tankaɗe, ya wanke, ya shanya. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan. Ya rage yashi, ya sake ragewa, don bayan da zai ɗauka ƙarami ne. Nna na kallo daga tabarma. Ta ce ta ga abubuwa a duniya amma ba ta taɓa ganin an auna jikanta da ƙasa ba.

Da ya koma rumfa ya fara ɗinka 'yar tsana, wannan karon bai duba waya ba. Ya ɗinke yashin a jaka biyu, ɗaya cikin ɗaya, ya sa a gindi da ciki. Ya yayyanka soso ƙanana ya zuba sako-sako. Sau da yawa hannunsa na kaiwa zai danne, sai ya janye. Ƙafafun ya buɗe su gefe da gefe. Wuyan ya bar shi ba komai sai yadi, kan na lanƙwashewa duk inda aka juya. Bai sa maɓalli a ido ba don kada wani ya haɗiye, zare baƙi ya ja layi biyu, ido a rufe. Ya yi mata riga da guntun atamfar Zuliha.

Silas ya ɗaga 'yar tsanar, kan ya faɗi baya. Ya ce wannan ai aikin da ya lalace ne, da kujera ce da mai keke ya kira masa 'yan sanda. Amma da zai ajiye, sai da ya sa tafin hannu ya tare ƙeyar. Ndagi ya gani. Ya ɗauki abinsa ya naɗe a leda.

Ana gobe tafiya ya kai. An riga an ɗaure kayan Rukayat a jakar Nna. Yarinyar ta karɓa, hannunta ya yi ƙasa don nauyi. Ta sunkuya ta ɗora. Ƙafafun suka kama ƙugunta. Kan ya faɗi gefe, ta ja ɗankwali sama ta tare, ta girgiza sau biyu kamar uwarta, ta yi tafiyarta wajen kaji tana bubbuga gindin.

Nna ta ce wasan yini ɗaya ne. Ndagi, wanda bai taɓa mayar mata da magana ba, ya ce a gwada.

Da safe aka kwantar da Abdulwasiu a katifa, Zuliha ta ɗauki bokiti da ƙara don a ji, manya suka laɓe bayan labule. Yaron ya fara kuka. Rukayat ta shigo da goyonta. Ta tsaya a kansa, ta sunkuya, ta miƙa hannu. Ta ɗan shafa cikin jaririn.

"Ka yi haƙuri, bayana da mutum," in ji ta. Sannan ta juya ta ɗaga murya. "Umma, zo ki ɗauki naki, ni nawa ya ishe ni."

Nna ta daɗe tana gyara ɗaurin kallabinta. Daga baya ta jawo jaka, ta buɗe, ta fara fitar da ƙananan riguna tana miƙa wa Ndagi ba tare da ta dube shi ba. Ta ce ita tsohuwa ce, ba za ta iya da mace da goyo a motar Bida ba.

Ndagi ya tsaya da riguna cike da hannu, sai dariya ta ƙwace masa, mai ƙarfi, har maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga. Rukayat ta taho da sauri, fuska a murtuke, ta ɗora yatsa a leɓe.

"Kawu, a hankali. Yanzu na samu ta yi barci."