Kunnen Hagu na Maigida

Tun da aka yi wa maigidana tiyata a bayan kunnen hagu, gidanmu ya yi wani irin shiru da ba na so. Mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana haɗa sauti a gidan rediyo, wanda ko cokali ne ya faɗi a kicin sai ya yi mini ƙorafi, ya koma ba ya ce wa kowa uffan. Likita ya ce kunne ya warke sarai, shi kuwa bai yarda ba. Tsohon hedifon ɗinsa a kan tabon yake sauka daidai, minti biyar sai ya cire yana haɗa gumi. A wurin aiki kuma sun ce Litinin ce ƙarshe, ko ya koma teburinsa ko a ba wani.

Ranar Asabar na tasa shi gaba zuwa wani shagon sayar da hedifon a hawa na biyu, saman masu gyaran waya. Mai shagon wata dattijuwa ce mai sanyin murya. Na zayyana mata komai, shi yana tsaye yana kallon silin.

"A kawo mana wanda ya fi kowanne tsada," na ce.

"Tsada ba ta san inda tabonsa yake ba, 'yar'uwa."

Ta duba bayan kunnen, ta fito da guda uku ta jera a tebur, sannan ta zare wayoyinsu duka.

"Ikon Allah! To me zai ji?"

"Ba komai tukuna. Kowanne zai sa shi minti ashirin shiru, da tabaransa a ido. In aka fara da kiɗa, daɗi ke rufe ciwo, sai an je gida a yi da-na-sani."

Raina ya ɓaci, don ni ban zo zaman banza ba, amma na ja kujera.

Na farko ƙarfe ne da fata, kyakkyawa, sai ɗaukar ido yake. Nauyinsa kuwa ba a magana. Ya danne hannun tabarau a kan tabon, minti bakwai maigida ya tuge shi. Na biyu mara nauyi ne, yana toshe hayaniyar waje kaf. Wannan ya daure har ƙarshe, sai dai kunnuwan sun jiƙe da gumi. Na uku kuwa, wayyo, muni! Faffaɗa kamar murfin tukunya, soson karammiski ne, bayansa kamar raga. Da ya ɗora shi sai da na tuntsire da dariya.

"Baban yara, wallahi kar ka fita titi da wannan, ka ja mana abin faɗa."

Ya harare ni, ya ɗauki wata jarida. Ni da mai shago muka shiga hirar ciwon gwiwa. Sai da ta taɓa ni ta nuna agogo na ga rabin awa ta wuce, shi kuwa yana ta buɗe shafi, ya manta akwai wani abu a kansa.

Nan ne ta mayar da wayoyin. A wayarsa akwai wata hira da abokin aikinsa ya ɗauka lokacin da yake kwance, wadda ya ƙi saurara tun da aka turo masa. Ya fara da na biyu.

"Wannan maƙaryaci ne," ya ce a hankali. "Yana kumbura murya, yana shafa mata mai. Na jin daɗi ne, ba na aiki ba."

Ya koma na uku, ya rufe ido. Minti ɗaya, biyu. Na ga goshinsa ya tattare, hannunsa ya tashi zuwa kunnen hagu. Na ce a raina shi ke nan, ciwon ya dawo, aiki ya tafi.

"Wane sakaran ne ya bar fanka tana juyawa a situdiyo?"

Da ƙarfi ya faɗa, har wani mai gyaran waya ya leƙo daga matakala. Na karɓa na saurara, ban ji komai ba sai mutum biyu suna magana. Mai shago ta ɗora a kanta, ta kasa kunne, sannan ta gyaɗa kai.

"Akwai ta. Can ƙasa-ƙasa, ta ɓangaren hagu."

Maigida ya tsaya cak, ya dube ta, ya dube ni. Ni kuwa hawaye ne suka ɓalle mini, ban ma ji kunya ba. Na kama hannun baiwar Allahn nan da hannu biyu ina ta sa mata albarka, ita tana cewa ba komai, aikinta ne.

Shi kuma ya ci gaba da faɗa, wai aikin ganganci, wai wata uku kacal ya yi ba ya nan an lalata komai. Ban taɓa jin masifar da ta yi mini daɗi irin wannan ba.

"Naɗe mana mummunan nan," ya ce wa mai shago. "Litinin da sassafe zan je in kashe fankar nan da hannuna."