Tambaya ta Bakwai

Yarinyar kantin magani ta sake goga katin a na'ura karo na uku, sannan ta ɗago ta dubi Vernice Tolliver kamar mai neman ta inda za ta fara isar da saƙon mutuwa.

"Mis Vernice, katin nan fa an rufe shi."

"An rufe me? Ƙofa ce?"

"Allah kuwa. Tun ɗaya ga wata. Sai dai ki je ofishin walwala."

Vernice ta yi mutuwar tsaye. Shekara tara ke nan tana karɓar allurar ciwon suga da katin lafiyar nan na gwamnati, a kantin nan, a tagar nan, ba a taɓa ce mata ko da dakata ba. Yarinyar ta faɗi kuɗin kwalba ɗaya in babu kati, Vernice ta ce ta maimaita, ta maimaita, sai Vernice ta juya ta fita ba ta ko ɗauki katin ba, sai da aka biyo ta da shi. A firij ɗinta na gida saura rabin kwalba. Kwana huɗu ke nan, in ta yi hankali.

Ta tayar da tsohuwar a-kori-kurar babanta ta kama hanyar hedikwatar gunduma, mil ashirin tsakanin gonakin auduga da na waken soya. Ba ta kunna rediyo ba. Tunaninta ɗaya, Sista Marvella maƙwabciyarta ta ce awa biyu kacal za ta iya zama da Baba, ga shi an ci ɗaya.

A ofishin ta tarar da mutane sun cika kujeru, kowa da ambulan irin guda a hannu, kowa ya yi jugum. Da ta ga ambulan ɗin sai ta tuna akwai irinsu uku a bayan agogon falonta. Sun zo ne lokacin da Baba yake kwance a asibiti da ciwon haƙarƙari, ta ce za ta buɗe in ta samu kanta. To mai jinya yaushe yake samun kansa?

Da layi ya zo kanta, sai ta ga ashe Denisha Gaddy ce a teburin, 'yar da suke waƙa da uwarta a coci, wadda Vernice ta taɓa canza wa ƙyalle tana jaririya. Yanzu ga ta da tabarau da kwamfuta.

"Mis Vernice, zauna. Dokar nan ce da majalisar jiha ta zartar bara. Duk mai ƙarfi a jika da bai kai hamsin ba, sai ya kawo shaidar awa tamanin a wata, ko na aiki, ko na horon sana'a. In wata uku suka wuce shiru, kati ya rufe sai sabuwar shekara."

"Sabuwar shekara? 'Yar nan, Satumba fa muke."

"Na sani. Kwamfuta ta nuna ba kya aiki."

"Ba na me?"

Muryar ta fita fiye da yadda ta so, har mai gadi ya waiwayo. Vernice ta sassauta. Ƙarfe biyar na asuba take tashi. Ta juya Baba, ta wanke shi, ta canza zanen gado, ta ɗauke shi ta sa a keke, mutumin da ya fi ta tsawo da kamu biyu. Ta dama masa fatensa na masara ta ba shi da cokali. Shekara shida ke nan tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ranar ce ta ajiye aikinta na kamfanin fiɗar kaji, kuma tun ranar ba ta san hutun Lahadi ba.

"Akwai wani aji da za a fara ranar Litinin," in ji Denisha, tana kallon takarda don kada su haɗa ido. "In kin shiga, zai tsare miki katin baɗi. Mako shida ne."

"Ajin me?"

"Kula da tsofaffi a gida. Yadda ake juya majinyaci, yadda ake masa wanka. Akwai mutum-mutumin roba da ake gwadawa da shi."

Vernice ta saki baki tana kallonta. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba ta da daɗin ji.

"To in ina can ina wanke roba, wa zai wanke Baba?"

"In ya cancanta, ana iya turo masa ɗaya daga cikin waɗanda suka gama ajin."

"Ho! Wato ni in je in wanke uban wata, wata ta zo ta wanke nawa, shi ke nan mun zama ma'aikata. Amma kowa ta wanke nata, mun zama 'yan zaman kashe wando. Su wa suka zauna suka rubuta wannan? Ba su da iyaye ne?"

Wani dattijo a kujerun baya ya ce, "Faɗa musu, Sista!" Denisha kuwa ta tsaya cak, ta zare tabarau.

"Dakata. Babanki Dikin Odell yana gidanki? Ke kaɗai kike kula da shi?"

"Da wa kike so? Mala'iku?"

"To ai dokar ta ɗauke miki! Mai jinya ba ya cikin lissafi. Me ya sa kika ce a'a?" Ta juyo mata fuskar kwamfutar. Ga fom ɗin da Vernice ta cika a watan Afrilu, da rubutun hannunta. Tambaya ta bakwai: Shin kina kula da wani nakasasshe a gidanki? A ƙasa ɗan akwati biyu, kuma ga alamarta ɓaro-ɓaro a kan A'a.

Vernice ta ƙura wa alamar ido. Ta tuna ranar sarai. A teburin kicin ta cika fom ɗin, tana karantawa a bayyane kamar yadda ta saba, Baba yana gefe a kekensa. Da ta zo ta bakwai sai ya ɗago kai.

"Wane ne nakasasshe a gidan nan?"

"Baba, tambaya ce kawai."

"To ba su amsa. Ni tsufa na yi. Tsufa ba nakasa ba ce."

Duk wanda ya san Odell Tolliver a garinmu ba zai yi mamaki ba. Shekara arba'in ya yi a injin yanka katako bai taɓa fashi ba, ranar da zarto ya ɗauke masa kan yatsa ma ɗaurewa ya yi ya ƙarasa yini. Shekara talatin yana dikin, wato dattijo mai hidima a coci. Har yau in za a kai shi sujada sai an ɗaura masa laktaye a wuya, kuma keken nan nasa bai yarda a kira shi keken guragu ba, sunansa kujera. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, amma a wurinmu, mutumin da aka hana shi komai tun yana yaro, wani lokaci rawanin nan ne kaɗai abin da ya mallaka. Ita ma Vernice ba ta taɓa kallonsa a nakasasshe ba. Babanta ne. Ta sa alama a kan A'a ba tare da ta ji ta yi ƙarya ba.

"Ana iya gyarawa," in ji Denisha da sauri, ta zaro wata takarda. "In wannan ta shigo kafin Juma'a, zan buɗe miki da hannuna. Likita ya cika sama, wannan ba wuya. Ƙasa kuma shi majinyacin zai sa hannu cewa ba ya iya tsayuwa ko kula da kansa. Sai dai in hankalinsa ya gushe, sai ki sa masa."

"Hankalinsa ya fi nawa da naki a haɗe."

"To sai shi."

Vernice ta karanta layin da ke saman wurin sa hannun. Kalmar nakasasshe tana nan, da manyan baƙaƙe. Ta ninke takardar gida huɗu ta cusa a ƙasan jaka.

A hanyar komawa ta yanke shawara ba za ta nuna masa ba. Za ta riƙa yin rabin allura, ta daina cin burodin masara da shinkafa, kwana huɗu su zama takwas. Bayan takwas kuma Ubangiji ya san yadda zai yi. Ta san shawarar banza ce, ta ga yadda aka yanke wa goggonta ƙafa a kan irin wannan dabara. Amma ta fi jin za ta iya da hakan a kan ta ajiye wa tsohon nan takardar a gabansa.

Sista Marvella tana baranda, jaka a kafaɗa. "Awa biyu kika ce, baiwar Allah! Tsohon nan naki ya hana ni sakat, wai ban iya soya tarwaɗa ba. Ina maganin?"

"Sai gobe."

Marvella ta dube ta sama da ƙasa, sannan ta tsallaka gidanta.

Ƙarfe biyar na yamma, kamar kullum, Vernice ta tura Baba bakin ƙofar kicin inda yake son zama, taku biyar daga tebur, don iska ta fi shigowa ta nan. Ta ɗora ganye a wuta, ta ciro kwalbar daga firij, ta ja allurar. Ta juya masa baya, amma ta makara. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana auna katako da ido ba a ɓoye masa awo.

"Rabi kika ja."

"Ya isa."

"Vernice Ann. Rabi kika ja."

In ya haɗa sunan biyu, babu sauran zille-zille. Ta ajiye allurar. Ta yi niyyar faɗa a hankali, amma abin da ta haɗiye tun safe ya ƙi zama, ya fito gaba ɗaya, kantin magani, ambulan uku, awa tamanin, mutum-mutumin roba.

"Dokar nan ce, Baba! Wadda ka ji a rediyo bara ka buga hannu a kujera ka ce madalla, an yi maganin cima-zaune. To ga cima-zaunen nan a gabanka. Ni ce!"

Bakinsa, wanda dama ya karkace, ya buɗe ya kasa rufuwa. Bai taɓa kawowa a ransa ba. Shi a tunaninsa wasu ne can, samarin da ke zaman bakin shago, ba wadda take tashi ta juya shi cikin dare sau biyu ba.

"Ke?" in ji shi. "Su suka ce ba kya aiki?"

"Mu muka ce. Ni da kai. Tambaya ta bakwai."

Ta zaro takardar ta shimfiɗa a tebur don kawai ya ga ba ƙirƙira ta yi ba, ta karanta masa layin, har kalmar. Sannan kunya ta kama ta.

"Ba sai ka sa ba. Zan san yadda zan yi."

Ya zuba wa takardar ido. Tukunya tana tafasa. Ta juya ta rage wuta, sai ta ji ƙarar birkin keken. Ta waiwayo, cokali ya suɓuce daga hannunta.

Odell Tolliver yana tsaye. Ya kama katakon ƙofa da hannun hagu, jijiyoyin wuyansa duk sun miƙe. Shekara biyu rabon da ta ga tsawonsa.

"Baba! Ya Yesu, za ka faɗi!"

"Kada ki taɓa ni."

Ya ja ƙafar dama kamar buhun da ya jiƙe. Ya kama gefen firij. Ya huta, yana numfashi kamar wanda ya hau tudu. Ya kama bayan kujera. Vernice tana biye da shi hannuwa a buɗe, ba ta taɓa shi ba. Taku biyar ɗin nan sun ɗauke shi kusan minti uku. Ya zube a kujerar kan tebur, wadda ita ce tasa tun uwarta tana da rai, gumi ya jiƙe masa kwala.

"Biro."

Ta miƙa masa. Da hannun hagu ya rubuta, harafi bayan harafi, harshe a gefen baki kamar ɗan aji ɗaya. Bai taƙaita ba. Ya rubuta Dikin, ya rubuta Odell, ya rubuta Tolliver, har rubutun ya haura layi ya hau kan kalmar da ke sama. Ya tura mata takardar.

"Cika allurarki."

Ta cika, yana kallo, sai da ya ga ta kai awon da ya sani. Hawaye ya hana ta ganin layukan sosai, shi ya ce mata, "Ƙara kaɗan. Yauwa."

Da ta gama, ya dubi kekensa can bakin ƙofa, ya dubi taku biyar ɗin da ke tsakaninsu. Sannan ya ɗaga mata hannunsa mai lafiya.

"To zo ki ɗauke ni. Takarda ta ce ba na iya tsayuwa."