Sabulu a Bututun Mai

Ranar Juma'a da hantsi, kwana uku da rasuwar Mama, na tarar da Baba kwance a kan kwali a ƙarƙashin tsohuwar Fijo ɗinsa, ƙafafu kaɗai ake gani. Gidanmu na Samaru cike yake da masu ta'aziyya, amma shi Baba, Malam Martin, hedimasta mai ritaya, ya bar su da kujerun roba.

"Sarah, zo ki tara mini kwanon nan."

Na durƙusa na leƙa. Fetur ne ke ɗiga daga bututun ƙarfen da ya taso daga tanki zuwa inji, daidai inda tsatsa ta cinye shi. Ga shi washegari za a kai Mama ƙauyensu bayan Saminaka, kuma a gabana ta riƙe hannun Baba a asibiti ta ce, "Martin, kai za ka kai ni gida. Kada ka bari baƙo ya tuƙa ni." Coci ta ce za ta nemo mota, ya ƙi. Taurin kan Baba kuwa ba sai an ba mutum labari ba.

Tun da sassafe ya je Sabon Gari wurin Iyke mai sayar da kayan mota. Iyke ya birkice shagonsa kaf, ya ce irin wannan bututun sai Litinin, daga Kaduna. Baba ya dawo da sabulun wanki mai tauri guda biyu a aljihu.

Dabarar tsofaffin direbobi ce. Ya kankare tsatsar da wuƙa, ya goge wurin da tsumma, ya murza sabulun a tafin hannu har ya yi laushi kamar tuwo, ya danna shi cikin ramin ya shafe. Ɗigar ta tsaya. Muka zuba ido kusan rabin awa, kwanon bai ƙara jiƙewa ba.

"Fetur ba ya cin sabulu," in ji shi. "Ruwa ne kawai abokin gabarsa. Ki roƙi Allah kada a yi ruwan sama gobe."

Na roƙa, ba a kuma yi ba. Abin da ban yi ba shi ne gaya wa kowa zancen sabulun, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Asabar da safe muka je coci ni da Baba, don tsara tafiyar da fasto. Da muka dawo sai ga Fijo tana walƙiya, ƙasa jagab. Inna Dinatu, ƙanwar Mama, tana tsaye da bokiti, zanenta a jiƙe, idanunta sun kumbura.

"Yaya Keziya ba ta son datti," ta ce. "Har ƙarƙashi na watsa, tayoyi da komai. Ba za ta shiga ƙazamar mota ba."

Baba ya dube ta, ya dubi ƙasa. Ya kwanta da fararen kayansa ya leƙa. Sabulun yana nan, ya ce, ya ɗan yi laushi ne kawai. Sauran sabulun gidan duk Inna ta ƙarar a wankin, ga shi ana jiranmu a ɗakin ajiye gawa. Ya tayar da mota.

Mun ɗauko Mama, akwatin a baya, bas ɗin 'yan coci na biye da mu ana waƙa. Tun daga Kwangila na fara jin warin fetur. Baba ma ya ji, ya sauke gilashi. Muna isa unguwar PZ wani mai babur ya dinga dukan ƙofarmu yana ihu, "Baba, mai na zuba! Za ku ƙone!"

Yanzu kam ba ɗiga ba ce, tsiyaya ce, ta bi kwalta har kusa da kaskon wata mai suyar ƙosai. Mutane suka watse. Maza suka fizgo akwatin Mama da gudu suka dire shi a gaban shagon wayoyi. Baba ya aika aka sayo sabulu, ya sake shiga ƙarƙashi, amma ramin ya riga ya buɗe. Sau uku yana dannawa yana faɗowa.

"Yaya, me ya sami motar?" Inna Dinatu ta tambaya tana kuka.

"Tsufa ne, Dinatu."

Bas ba shi da wurin akwati. Fasto ya tare wata akori-kura da ta sauke albasa, aka share bayanta da tsintsiya. Baba ya je wurin direban, wani matashi mai cin goro, ya roƙe shi da girman Allah ya bar shi ya tuƙa. Direban ya yi dariya, ya ce mai motar ya hana shi ba kowa.

Baba ya hau baya ya zauna a kan ƙarfe, ya dafa akwatin da hannunsa mai warin fetur. Na hau na zauna kusa da shi. Direban ya leƙo ta taga.

"Baba, a ina za a sauke kayan?"