Mubarak Ya Shigo Aji

Ni ba matsoraciya ba ce, kowa a Madawa ya shaida. Amma ranar da sunan Mubarak ya fito a allon kwamfutata, bayan har an yi sadakar bakwai ɗinsa, sai da na ja kujerata baya.

Ɗaliban jami'a nake koyarwa ta intanet. Ina zaune a ɗakina, su suna warwatse daga Buza har Keita, kowa ya nemi tudun da rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa. Da hantsi nake buɗe aji, in kira duk wanda na ga ya shigo, ya amsa. Mubarak mutumin Ibohamane ne, mai surutun tsiya da tambaya kamar alƙali. Zazzaɓi ya ɗauke shi farkon damina.

Na tsallake sunan. Washegari ya riga kowa shigowa, kyamara a rufe, ba motsi. Da na sake tsallake shi, sai alamar ɗaga hannu ta fito gefen sunansa, ta kafe har aka tashi. Ɗalibai suka fara zamewa. Najiba ma cewa ta yi ita ba ta zama aji ɗaya da mamaci. Dole na kira shi. Ba a amsa ba, amma hannun ya sauka. Daga nan kullum haka muke yi.

Shugaban sashenmu, wanda bai yarda da abin da ba shi da hatimi ba, ya ce wani ɗan iska ne ya tsinci wayar Mubarak, in rufe asusunsa na aji ran Juma'a. Ni kuwa haushi ya kai mini iya wuya. Na hau mota zuwa Ibohamane da niyyar in wanke ko wane ne tas.

Tsohuwa na tarar, Inna A'i, mahaifiyarsa, tana tankaɗe. Wayar tana inuwa a kan turmi, an shimfiɗa mata ƙyalle mai tsabta.

Bayan gaisuwa na gaya mata ni ce malamarsa, na ce, "Inna, wa ka taɓa wayag ga?"

"Babu mai taɓa ta, ɗiyata. Ni ban san inda aka latsawa ba. Sharji ɗai nika kai ta. In hantsi ya yi, ita ka kunna kanta, in ji muryakki."

Na waiga. Gidan ba kowa sai ita da awaki. Na ce, "Ba ki jin tsoro?"

"Tsoron mi? Ɗan hwarina na. Tun da na haihe shi ban taɓa hwaɗin sunanai ba, kin san mu da kunya. Yanzu ko mutane sun bar hwaɗinai gabana, wai kar in yi kuka. Ke ɗai kika kiran shi, in ji."

Faɗan da na zo da shi ya bi iska. Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Na gaya mata gaskiya, cewa ran Juma'a za a rufe, ko da hannuna ko da na wani. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ran Juma'a ajin ya cika, har da Najiba, don labarin ya bazu. Na kira sunansa kamar kullum. Hannun bai sauka ba. Sai makirfonsa ya buɗe, muka ji kukan akuya da iska na kaɗa zana. Can sai muryar tsohuwar ta fito, a hankali, kamar mai kurɓar kunu mai zafi.

"Mubarak."

Daga dab da ita, wata murya da dukanmu muka sani ta ce, "Na'am, Inna."

Kafin in kai hannu kan kwamfutar, sunan ya fita daga aji da kansa.